Noman Tumatir da Attarugu a Buhu: Inda Masu Farawa Suke Yin Tuntuɓe

Duk shekarar da kwandon tumatir ya yi tashin gwauron zabi, sai ka ga tsakar gidaje ta cika da buhuna. An ga haka a 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kura da Kadawa a Jihar Kano suke kira Sharon, ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. An sake gani a 2024, da miya ta koma ta tumatirin leda a gidaje da yawa. Kowa ya ce bari ya shuka nasa. Bayan wata biyu ka koma, sai ka tarar da buhunan jingine da bango, ƙasar ta daskare kamar bulo, ko kuma shukar ta yi tsawo ta yi ganye shar amma ko ɗa ɗaya babu. Mai gidan kuma ya riga ya yanke hukunci: wai hannunsa ba ya karɓar shuka.

Hannu ba shi da laifi. Ni ma a shekarata ta farko buhu goma sha biyu na jera, abin da na tsinka bai cika kwanon sha ba. Abin da na gane daga baya shi ne buhu ba gona ba ne. A gona saiwa tana da inda za ta gudu idan ruwa ya yi yawa, ko taki ya yi zafi, ko ƙasa ta ɗau rana. A buhu kuwa shuka fursuna ce, abin da ka zuba mata shi ke nan duniyarta. Kusan duk kurakuran da za su biyo baya daga rashin fahimtar wannan suke fitowa.

Shuka a lokacin tsada

Wannan ne babba, kuma shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Mutane suna tunawa da shuka tumatir ne a lokacin da ya yi tsada, wato daga bazara zuwa farkon damina. To, dalilin da ya sa ya yi tsadar shi ne lokacin bai dace da shi ba, har ga manoman da suka gaji sana'ar. Idan zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, kuma dare bai yi sanyi ba, furen tumatir yakan bushe ya zube bai ƙulla ɗa ba. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa, watan Afrilu yakan kai digiri 40. Wanda ya yi dashe a watan Maris zai ga fure rawaya gwanin sha'awa, ya wayi gari ya tarar da su a ƙasa, ya ɗauka taki ne bai isa ba, ya ƙara, ya ƙarasa kashe ta.

Ka bi sawun masu noman rani. Su sukan zuba iri ne da damina ta fara ja baya, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, don furen ya faɗo cikin sanyin hunturu, a tsinka daga Janairu zuwa Maris. Mai farawa ya fara da wannan lokacin. Idan kuma hannunka yana ƙaiƙayi a bazara ko damina, ka shuka attarugu ko barkono ko alayyafo ko kuɓewa. Sun fi tumatir jure wa zafi da ruwan sama, kuma attarugu idan ya kama yakan wuce shekara yana ba ka 'ya'ya.

Iri

Uwargida ta yanka tumatir mai kyau daga kasuwar 'Yan Kaba ta Kano, ta watsa 'ya'yan a buhu. Zai tsiro, babu shakka. Amma idan tumatirin nan irin aure ne, wanda ake rubuta F1 a jikin ledarsa, abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwarsa ba: wani ƙanana, wani mai ruwa, wani bai da ƙarfin jure cuta. Tsofaffin iri kamar UC82B da Roma VF, waɗanda suka daɗe a hannun manoman Arewa, su ne ake iya ajiye 'ya'yansu a sake shukawa. Kuma gajeru ne, ba sa yaɗo har rufin ɗaki, sun dace da buhu. Idan za ka sayi iri a shagon kayan noma, ka duba ranar lalacewarsa, ka guji ledar da ta sha rana a kan tebur har launinta ya koɗe.

Kada ka zuba irin kai tsaye a babban buhu. Ka rene shi a wani ƙaramin mazubi mai ƙasa mai laushi, a binne shi sama-sama, zurfin da bai kai gaɓar yatsa ba. Tumatir yakan fito cikin kwana 5 zuwa 10, a dasa shi bayan mako uku ko huɗu. Attarugu kuwa mai nawa ne, yana iya kai mako biyu zuwa uku kafin ya leƙo, kuma sai ya yi mako shida ko fiye kafin ya isa dashe. Mutane da yawa sun zubar da ƙasar attarugu a kwana na goma suna cewa irin ya mutu, alhali yana hanya.

Dashe kuma da yamma ake yi, rana ta yi sanyi, a ɗauko shi da ƙasar da ke jikin saiwarsa. Tumatir yana son a binne shi da zurfi, har kusa da ganyen farko, domin karansa yana fitar da sabuwar saiwa duk inda ƙasa ta taɓa.

Abin da ke cikin buhun

A nan ne na fi yin asara, don haka bari in ɗan tsaya. Na ɗebo ƙasa daga bayan gida inda ake buga bulo, jar ƙasa mai yumɓu, na cika buhuna. Da an zuba ruwa sai ya kwanta a sama kamar tafki, idan ya bushe kuma ta tsattsage. Saiwa tana numfashi kamar yadda muke yi, ƙasar da ta toshe tana shaƙe ta. Maƙwabcina shi kuma yashi zalla ya zuba, nasa ruwan yana shiga yana fita, da azahar shukar ta langaɓe.

Haɗin da ya yi mini aiki: kashi biyu baƙar ƙasa ta sama, kashi ɗaya taki na dabbobi wanda ya ruɓe sarai, kashi ɗaya yashi ko buntun shinkafa. A gauraya sosai, a jiƙa, a bar shi ya kwana biyu kafin dashe. Alamar ta yi daidai ita ce idan ka dunƙule ta a hannu za ta kama, ka taɓa ta da yatsa kuma ta wargaje.

Kalmar "ruɓe" ɗin nan ita ce wurin kula. Kashin kaji da aka kwaso jiya daga keji wuta ne. Yana ƙona saiwa, ganye ya yi kamar an babbaka bakinsa. Na shanu da na awaki sun fi sauƙi, amma su ma sai sun kwanta. Takin da ya nuna baƙi ne, yana marmashewa, ba ya ɗumi idan ka tura hannu ciki, kuma warinsa na ƙasa ne ba na turke ba. Idan sabo ka samu, ka tara shi a gefe, ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa, ka ba shi wata biyu ko uku. Ƙasar bola kuma, duk da baƙinta mai ban sha'awa, ka yi hattara da ita: batura da kwalabe da abin da ba ka sani ba duk a can suke ƙarewa, kuma abinci za ka ci.

Sai girman mazubi. Gwangwanin fenti ƙarami ko robar ruwan sha ba za su riƙe tumatir ba. Jarka mai lita 20 da aka yanke kanta, ko buhun shinkafa mai kilo 50 da aka naɗe bakinsa zuwa rabi, shi ne daidai, kuma shuka ɗaya tak a ciki. Na san da wuya mutum ya cire tsiro mai rai ya yar. Amma biyar a buhu ɗaya kishiyoyi ne a ɗaki guda, babu wadda za ta ji daɗi. Kuma ko mene ne mazubin, a huda ƙasansa da gefensa na ƙasa. Jarkar da ba ta da huji rijiya ce.

Ban ruwa

An fi kashe shukar buhu da ƙauna fiye da sakaci. Maigida ya zuba kafin ya fita, uwargida ta zuba bayan ta gama wanke-wanke, yara su dawo makaranta su zuba. Ganye ya fara rawaya ya langaɓe, kowa ya ce ƙishi ne, a ƙara. Alhali saiwar ce take ruɓewa. A gidan da ake noman buhu a naɗa mutum ɗaya mai ban ruwa. Shi kuma kafin ya zuba ya tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu: idan da danshi, ya bari. Idan ta bushe, ya zuba a gindi a hankali har sai ya ga ruwa ya fara ɗiga ta hujin ƙasa. Da sassafe ya fi. A kan ganye kuma kada a watsa, jiƙaƙƙen ganye shi ne gadon cuta.

Akwai kuma kishiyar wannan, wato yau a cika, a yi tafiya kwana uku, a dawo a sake cikawa. Sakamakonsa shi ne tumatirin da gindinsa ya yi baƙi ya lotsa tun yana ɗanye. Mutane suna ɗauka tsutsa ce su sayo magani. Ba tsutsa ba ce. Sinadarin kalsiyam ne bai kai ga ɗan ba, saboda ruwan da ke ɗauke da shi yana zuwa yana yankewa. Maganinsa daidaita ban ruwa, da rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko buntu don danshi ya daɗe. Irin wannan rashin daidaito ne kuma yake sa nunannen tumatir ya tsage.

Ruwan wanki mai omo ko na wanke-wanke mai mai da gishiri, a kai shi kwata. A gona ƙasa za ta iya shanye shi, a buhu taruwa yake yi.

Rana, da siminti

Tumatir da attarugu suna son rana ta awa shida zuwa takwas. Wanda ya ajiye su ƙarƙashin darbejiya ko a lungun da ke tsakanin katanga biyu zai samu dogon kara siriri mai neman haske, ba 'ya'ya. Amma kuma dandamalin siminti da saman bene suna ɗaukar zafi su dafa saiwa ta ƙasa, musamman a baƙar roba. Ka ɗora buhun a kan katako ko bulo biyu, iska ta riƙa ratsawa. Wurin da ke samun ranar safe, inuwa ta rufe shi bayan azahar, ya fi kowane.

Takin zamani

Yuriya tana da kashi 46 cikin ɗari na sinadarin da ke sa ganye, don haka wanda ya dage da ita zai samu daji kore shar babu fure. NPK 15-15-15 ya fi dacewa. Mako biyu bayan dashe, a sa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, a binne shi can gefen buhu nesa da kara, a ba da ruwa, a maimaita bayan mako biyu ko uku. Idan ya taɓa karan zai ƙone shi. Wanda takinsa na gargajiya ya yi kyau ma yana iya rage wannan. Toka kaɗan tana taimakawa lokacin fure, amma barbaɗawa ake yi, ba a juye murhu a buhu ba.

Ƙwari da fiya-fiya

Kuskuren farko rashin dubawa ne. Ƙwari a bayan ganye suke zama, mai kallo daga sama ba ya ganinsu sai sun gama aiki. Kowace safiya ka juya ganye biyu uku. Idan ka girgiza shukar ka ga wasu fararen ƙananan ƙudaje sun tashi, ka tashi tsaye, domin su ne suke yaɗa cutar da ke sa ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, shukar ta tsugune. Wadda ta riga ta kamu ba ta warkewa, a tuge ta a fitar da ita daga gidan kafin ta shafi sauran. Sharon kuma alamarta fararen tabo ne a ganye kamar an kankare cikinsa an bar fatar. Tsutsar tana ciki, idan ka ɗaga ganyen ga rana za ka hango ta. Asalinta Kudancin Amurka, ta shigo Sifen a 2006, daga nan ta bazu. A buhu goma ba ka buƙatar abin da mai kadada goma yake buƙata: ka tsinke ganyen da ta shiga, ka ƙone ko ka binne, kada ka yar a gindin shukar.

Kuskure na biyu ya fi muni, wato ɗauko fiya-fiya ko maganin sauro a fesa wa abin da za a jefa a tukunya gobe, a tsakar gidan da yara suke rarrafe. Darbejiyar da ke ƙofar gida ta isa a mafi yawan lokuta. A daka busassun 'ya'yanta, kamar giram 50 a kowace lita ta ruwa, a jiƙa su kwana, a tace da ƙyalle, a ɗiga ruwan sabulu kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma sama da ƙasan ganye, duk mako. Ba ya kashewa nan take, hana su ci da hayayyafa yake yi, don haka da wuri ake farawa. Idan dole sai maganin kanti, a sayi wanda aka yi don kayan lambu, a karanta kwanakin da aka ce a jira kafin a tsinka, a kuma cika su.

Kafin 'ya'ya su yi nauyi, a kafa sanda a ɗaure karan da tsumma sako-sako. Igiyar roba tana yanka shi. Idan gidan ba ya samun iska, a ɗan girgiza sandar da hantsi lokacin fure, yana taimaka masa ya ƙulla. Kuma duk abin da na faɗa a sama, akuya ɗaya tana iya share shi cikin minti biyar, kaji su tone abin da ta rage, ƙadangare ya bi sabon tsiro. Tsohon gidan sauro da sanduna huɗu sun ishe ka katanga. Ka kafa ta tun ranar dashe.