Ga Ɗan Maraɗi Sabon Zuwa Amurka: Zagin Launin Fata da Abin da Doka Ta Ce

A Maraɗi, idan mutum ya ci mutuncin asalin wani ko addininsa a bainar jama'a, maganar takan kai gaban mai unguwa ko komisariya. Ƴan'uwa masu shirin sauka New York ko Greensboro, inda ƴan Nijar suke da yawa, ya kamata su sani cewa a Amurka ba haka abin yake ba.

Gyaran farko na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana gwamnati hukunta mutum saboda ra'ayinsa, komai muninsa. A 1969 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yanke wa Clarence Brandenburg, wani jagoran Ku Klux Klan, ƙungiyar da ta yi ƙaurin suna wajen ƙin baƙar fata, inda kotun ta ce ba a hukunta mai magana sai idan yana tunzura mutane su karya doka nan take, kuma akwai alamar za su aikata. Saboda haka kana iya cin karo da masu zanga-zanga ɗauke da alluna na cin zarafin baƙi ko Musulunci, ƴan sanda kuma suna tsaron lafiyarsu. Abin yana da ciwo ƙwarai, ba kuma zan ce maka ka saba da shi ba. Amma idan ka ɗaga hannu kai za a kama, kuma hukuncin dukan mutum yana iya taɓa takardunka na zama har ya kai ga kora.

Kariyar nan ta faɗin albarkacin baki tana da iyaka. Barazana ga ranka laifi ce. Dokar 1964 ta haramta wariya a wurin aiki, ta 1968 kuma ta haramta ta wajen hayar gida. Idan hakan ya same ka, ka rubuta rana da wuri da sunayen shaidu, ka nemi lauya.

Wanda ya nufi Faransa kuwa ya kiyayi bakinsa da wayarsa. Tun 1972 tunzura ƙiyayyar launin fata laifi ne a can, kuma dokar 2014 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga mai yabon ta'addanci, shekara 7 idan a intanet ne, ko da da Hausa ya rubuta a Facebook.