Kafin Ka Saɓa Famfon Feshi, Ka San Me Ke Damun Shukar

Na gaji da ganin sababbin 'yan lambu a Kano suna maimaita abu ɗaya. Ganye ya canza launi, sai a ruga Sabon Gari a ce wa mai shago, "Alhaji, ba ni mai ƙarfi." Mai ƙarfin me? Maganin ƙwari daban, maganin fangas irin su mankozeb daban, kuma akwai cutar da babu abin da za ka fesa mata ta warke.

Ni ma na sha wannan ɗacin. Wata shekara tumatirina ya fara yaushi da rana tsaka, ganyen shar da shi, babu ɗigo babu tsutsa. Na ce sharon ce, wato tsutsar nan mai cin ganye da 'ya'yan tumatir, don tun ɓarnar da ta yi a 2016 kowa ita yake zargi. Sau uku ina feshi, kuɗi na tafiya, fangali na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai wani dattijo mai lambu a gefena ya yanki karan ɗaya ya tsoma a kofin gilashi mai ruwa. Ba a jima ba wani farin abu kamar zare ya fara tsiyayowa. Ya ce, "Ɗana, cutar a cikin ƙasa take, ka daina wahalar da famfo." Ashe bakteriya ce ta toshe jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa. Abin yi shi ne a tuge har saiwa, a fitar daga lambun a ƙone.

To, ka ji wautar da ta fi. Da shekara ta zagayo sai na dasa attaruhu a wurin, wai na canza shuka! Tumatir, tattasai, attaruhu, yalo da dankalin Turawa duk 'yan gida ɗaya ne, cutar ɗaya ke bin su. Yanzu in wuri ya kamu, masara ko albasa nake sawa har shekara uku. Wasu na cewa biyu ta isa. Su suka sani.

Tumatirin da ganyensa ya nannaɗe ya tsumbure kuwa, galibi farin ƙuda ne ya kawo masa cutar. Wannan ba ya tashi. Cire shi, ka fuskanci ƙudan. Ni ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya nake fesawa tun shuka tana ƙarama.

Kada ka riƙa watsa ruwa a kan ganye da yamma ya kwana da danshi, zuba a gindi. Kada ka yi awon magani da ido. Famfon da ka yi maganin ciyawa da shi, ware shi gefe.

Kai kuma mai feshi yau, gobe da asuba kwandonka yana kasuwar Yankaba, ka ji tsoron Allah! A jikin robar maganin an rubuta kwanakin da za a jira kafin tsinka. In rubutun ya gagare ka, kai wa malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, ya karanta maka.