Idan mai gida zai shiga ɗakin da kake haya: kurakuran da aka fi yi

Kuskure na farko shi ne ɗan haya ya ce, "Ai gidansa ne, ni wa zan hana shi?" Ginin nasa ne, gaskiya. Amma tun ranar da ya karɓi kuɗinka ya miƙa maka makulli, sirrin ɗakin ya zama naka har wa'adi ya cika. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin gidajen 'yan ƙasa. Aya ta 27 a Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. Abin takaici ne ka ga mutumin da ya rubuta "ba shiga" a ƙofar gidansa ya ɗaga labulen ɗan hayarsa, matar ɗan hayar tana tsakar gida tana wanki, mijin yana kasuwa. Gyaran shi ne ka gaya masa cikin ladabi: "Alhaji, don Allah a riƙa sanar da ni tukuna, in kasance a gida."

Wasu kuma sai su zarce, su canja kwaɗo, su ce ko ƙofa ba za a taka musu ba. Wannan ma kuskure ne. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta wajabta wa ɗan haya ya bar mai gida ko wakilinsa ya duba gida ya yi gyara, da rana, bayan sanarwa a rubuce. In kwano na yoyo ka hana kafinta hawa, damina kai za ta fara ci.

Wanda ya fi yawa shi ne haya da fatar baki. A rubuta yarjejeniya, a faɗi kwana nawa za a sanar kafin a shigo, da wanda zai riƙe makulli na biyu. Ka adana rasit da saƙonnin waya.

In kuwa mai gida ya shigo da ƙarfi, ya cire ƙofa ko ya fitar da kaya saboda bashi, kada ka rama, kada kuma ka riƙe kuɗin haya don huce haushi. Nan ne mai gaskiya ke komawa mai laifi. Ɗauki hoto, kira maƙwabci ya shaida, ka kai wa mai unguwa, in abin ya gagara sai kotu. A Legas, fitar da ɗan haya da ƙarfi laifi ne da ke jawo tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6.