Ɗaukar hoton ginin ƙasa a cikin birnin Kano

'Yan uwa masu ɗaukar hoto da waya, in kuna son zanen jikin bango irin na Gidan Makama ya fito raɗau, ku je tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe, ko bayan la'asar. Lokacin hasken ta gefe yake zuwa, inuwa na kwanciya cikin kowane lungun zane. Da tsakar rana sai zanen ya shafe.

Kada ku ɗaga kan waya don zanko ya shigo, ginin zai fito kamar zai faɗi ta baya. Ku ja baya taku goma, ku sa kyamara a 2x (jawo hoto kusa ninki biyu), waya a tsaye cak.

Da hunturu ku riƙa goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi. A marinar Ƙofar Mata kuwa, sallama da neman izini tukuna.