Ciwon ɓarin fuska mai zuwa kamar shokin: yadda za a bi da mara lafiya har zuwa tiyata

Jama'a dan Allah duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya karanta wannan. Akwai ciwon da ke kama ɓari ɗaya na fuska, kunci ko muƙamuƙi ko gefen hanci, ya zo farat ɗaya ya yi 'yan sakanni zuwa minti biyu ya saki, anjima kuma ya dawo. Alwala na tada shi, asuwaki, tauna, magana, har iskar hunturu in ta bugi fuska. Ya fi kama waɗanda suka haura hamsin, kuma mata sun fi yawa. Sai ka ga baiwar Allah ta daina cin tuwo ta rame, ana ta kai ta gun mai cire haƙori ranar kasuwa, a cire ɗaya a cire biyu ciwo na nan daram, wasu kuma su ce iska ce ko sammu. Wallahi abin yana min ciwo, don ciwon nan yana da magani.

Abin da ke faruwa shi ne, akwai jijiyoyin saƙo tagwaye goma sha biyu da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ta biyar ɗin ita ke kawo ji a fuska. A yawancin masu ciwon, wata jijiyar jini ce ta kwanta a kanta can cikin kai ta wajen bayan kunne, duk bugun zuciya tana gugarta har rigar jijiyar ta zaizaye, kamar wayar lantarki da robarta ta cinye, da an taɓa sai shokin. In ta bakwai aka danne kuma sai ka ga ido da kunci na ɓari ɗaya suna ta rawa ba ciwo.

To abu na farko a daina cire haƙori. A je babban asibitin ƙaramar hukuma a faɗa wa likita yadda ciwon yake sak, ta ina yake farawa, me ke tada shi, yana daɗewa ko a'a. Da wannan bayanin ake gane shi, shi ya sa yana da kyau wanda ke zaune da mara lafiyar ya je tare. Panadol da su ibufurofen ba sa taɓa shi. Maganin da aka saba farawa da shi kabamazefin ne, wanda ake sayarwa da sunan Tegretol, likita zai fara da kaɗan yana ƙarawa. Kar a saya a kemis a sha da ka, kar kuma a yanke shi rana ɗaya. Yana sa jiri da barci, amma in aka ga ƙuraje ko baki ya fashe ko zazzaɓi, a koma asibiti ranar ba sai gobe ba.

In magani ya daina aiki ko jiki ya kasa ɗauka, a nemi takardar turawa zuwa ga likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ake gani a Asibitin Malam Aminu Kano. Mutanen Jigawa za su iya farawa ta Dutse ko Birnin Kudu a tura su. Za a ce a yi hoton MRI don a ga jijiyar, a kuma tabbatar ba ƙari ba ne. A riƙe duk takardu da kwalayen magani a leda ɗaya.

Ita tiyatar, wani likita ɗan Amurka Peter Jannetta ne ya yaɗa ta tun wajen 1967. Ana sa mutum barci, a yi ɗan ƙaramin rami a ƙashin bayan kunne, a duba da madubin ƙara girma, a ɗaga jijiyar jinin daga kan ta saƙon a sa ɗan matashin tefulon, wato wata irin roba mai laushi, a tsakani, ba a yanke jijiyar. Da yawa suna farkawa ciwon ya tafi, kuma kusan bakwai cikin goma suna nan lafiya bayan shekara goma. Amma aikin kai ne, akwai haɗarin raguwar ji a kunnen, dindiris ɗin fuska, ko ruwan ƙwaƙwalwa ya riƙa ɗiga. Ku tambayi likitan kai tsaye ko yana yin irin aikin, nawa ne kuɗin gaba ɗaya, ba rashin kunya ba ne. Dattijon da jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba akwai aikin allura da ake yi ta kunci, a tambaya.

Bayan aiki ana kwana kaɗan a asibiti. A gida ban da ɗaukar kaya a ka, ban da noma da jan ruwa a rijiya da daka sai likita ya ba da izini, haka hawa babur a hanyar burji. In aka ga ruwa fari tas na zuba ta hanci ko ta wajen ɗinkin, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ciwon kai mai tsanani, a nemi mota a koma asibitin da aka yi aikin ko da tsakar dare ne.