Darasi na 6: Kafin ka murza makulli da safe

Yau darasin namu ba a kan allo zai ƙare ba, sai mun fita waje mun buɗe bonet. Da yawanmu a ajin nan muna tuƙi, wani motar kansa ce 'yar Kwatano da ya yi ta tari har ya saya, wani ta oga yake ja, wani haya yake yi, ga su Hajiya masu kai yara makaranta kullum safiya, amma in aka ce mutum ya nuna inda ake zuba baƙin mai sai ya hau sosa ƙeya yana cewa ai bakanikena ne ya sani. Toh bakaniken naka ba a gidanka yake kwana ba malam.

Ba cewa nake za ka zama bakanike da darasi ɗaya ba, yaran gareji shekaru suke yi suna wanke noti a cikin fetur kafin oga ya bari su kwance injin. Abin da muke nema ɗan kaɗan ne, minti biyar da safe kafin mota ta tashi, da tsumma ɗaya a hannu. Kuma karatun nan da muke koyo shi zai yi mana aiki, don jikin mota cike yake da haruffa da lambobi, da can dai wuce su muke yi kamar zanen ado.

Mu fara da baƙin mai tunda shi ne jinin injin. Ka ajiye motar a waje mai lebur, ba a gangare ba, injin a kashe, in ka dawo daga tafiya ne ka ba ta kamar minti goma man ya koma ƙasa. A jikin injin za ka ga wani ɗan zobe, yawanci ruwan ɗorawa ne ko ruwan lemo, ka ja shi, wata doguwar waya ce siririya za ta fito, ita ce gejin mai. Kar ka karanta na farkon nan, ka goge da tsumma tas, ka mayar har ƙarshe, sannan ka sake zarowa. Can wajen bakinta akwai alama biyu, wata an rubuta MIN da MAX, wata L da F, wata ɗigo biyu ne kawai. Man ya tsaya tsakaninsu, ya fi kusa da ta sama. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin ƙananan motoci kusan lita ɗaya ne, saboda haka in ka ga ya sauka kar ka ɗauki galan ka tuttula, kaɗan kaɗan kana sake aunawa, don cika shi ya wuce MAX shi ma ɓarna ne, yana sa mai ya yi kumfa ya kuma fara tsiyaya ta gefe.

Ka kuma dubi kalarsa. Sabon mai kamar zuma yake, in ya yi aiki zai yi duhu, wannan ba abin tsoro ba ne. Wanda zai tsayar maka da gaba shi ne ka ga ya koma kamar shayi da aka zabga wa madara, wannan ruwa ne ya shiga mai, galibi gaskit ne, wato shimfiɗar da ke raba ruwa da mai a cikin injin, ya ƙone, kar ma ka tada motar, kira bakanike ya zo ya same ta a inda take.

A jikin galan ɗin mai akwai lamba, 20W-50 ko 10W-40 ko 5W-30. In lambar ta fi girma man ya fi kauri. Mu nan an saba duk motar da ta shigo gareji a ɗura mata 20W-50 wai ai ƙasarmu da zafi, tsofaffin injina sun yarda da hakan, amma motocin da suka fi sabunta hanyoyin mansu ƙanana ne, siririn mai aka yi su da shi. Ka duba murfin da ake zuba man, sau da yawa lambar tana rubuce a kai, in babu tana cikin littafin motar. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kuwa ni dai ba na sa shi a injina, ba ka san me aka gauraya ba.

Da ƙurar da muke sha, duk kilomita 5,000 ka yi sabis, kuma a canja filta tare da man, ban ga amfanin zuba sabon mai ta cikin tsohuwar filta mai datti ba. Ka nemi ɗan littafi ka ajiye a mota, ran da aka yi sabis ka rubuta kwanan wata da lambar da ke dashbod. In ta nuna 142,300 yau, toh na gaba a 147,300 ne, ka ga lissafin tarawa ya yi rana. Wasu motocin Amurka da mil suke ƙirge ba kilomita ba, mil 3,000 shi ne kusan kilomita 5,000 ɗin.

Sai jar fitilar nan ta dashbod mai kama da 'yar buta da ɗigo a bakinta. Ni ta taɓa kama min a hanyar Zariya, na ce bari dai in lallaɓa in ƙarasa gari tunda saura kaɗan, ban yi nisa ba na fara jin ƙwas ƙwas ƙwas daga gaba, shikenan injin ya yi nokin, kuɗin da na kashe a kayan gyara a Ƙofar Ruwa da na galan nawa na mai zai saya wallahi har yau ba na son lissafawa. In ta kama kana tafiya, ka gangara gefe ka kashe mota a take, ba anjima ba.

Na biyu ruwa. Gefen lagireto akwai wata farar roba da ake hango ruwa ta jikinta, ita ma da MIN da MAX, nan za ka duba. Murfin lagireto kuwa dan Allah dan Annabi kar a buɗe shi injin na da zafi, ruwan ciki a matse yake kuma zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan tukunya, kana murɗawa zai yi tsartuwa ya wanke maka fuska da hannu, mutane da yawa suna yawo da tabon nan. In allurar zafi ta bar tsakiya ta nufi harafin H, mota ta yi oba hitin kenan, ka tsaya ka kashe, ka buɗe bonet ta sha iska, ka nemi inuwa ka zauna aƙalla rabin awa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri da tsatsa a ciki har su toshe hanyoyin, in da hali ka sayi kulan, wannan ruwan kore ko ja, kuma kar ka haɗa kala biyu.

Akwai wata al'ada da ni ban yarda da ita ba, mota na shigowa ƙasar sai a ce cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, a haɗa fanka dairek, wai na ƙasar sanyi ne. Injin yana da zafin da aka tsara ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, in an cire abin nan ya daɗe bai kai ba, sai ya ƙara shan fetur. In mota na zafi akwai dalili, ko lagireto ya toshe, ko tiyo na yoyo, ko fanka ta mutu, a nemo shi.

Da hunturu ka riƙa buɗe akwatin iyakilina, wato matatar iskar da injin ke shaƙa, ƙugiyoyi ne kawai a yawancin motoci, ka ciro takardar ka bubbuga, ka ɗaga ta saitin rana, in haske ba ya ratsawa ta gama aiki.

Batir ba shi da dogon zance. Kai biyu ne, mai alamar + da mai alamar −. In ka ga farin gari ko kore ya taru a kai, ko ka murza makulli ka ji tak tak kawai, sau da yawa ba batir ɗin ne ya mutu ba, kan ne ya yi datti ko ya saki. Ka fara cire na − tukunna, in za ka mayar shi ne na ƙarshe, ka wanke da ruwan zafi ka goga samfefa ka ɗaure tamau. Kar sifana ta taɓa kawunan biyu lokaci ɗaya, kuma banda sigari a wajen.

Yanzu taya, nan ne karatun lamba ya fi daɗi. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda manne da ta faɗi iskar da motar ke so, ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 ne a ma'aunin iska na PSI. Mai faci in ka ƙyale shi sai ya buga maka 45 ko 50 ya ƙwanƙwasa da ƙarfe ya ce ta yi, ga kwalta da zafin watan Afrilu, ga lodi. Ka faɗa masa lambar da bakinka ka kuma leƙa gejin, kuma da safe ake auno kafin taya ta yi zafi. Safaya ma a duba ta, ba sai ranar da aka yi faci a daji a tarar ita ma a kwance take ba.

A gefen kowace taya ka nemi haruffan DOT, ka bi layin har ƙarshe za ka ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, shi ya sa taya 'yar gwanjo za ka ga zanenta raɗau amma in ka karanta lambar ta haura shekara goma, gefenta duk ya tsattsage. Wadda ta yi ƙulu a gefe kuwa ba a faci, cirewa ake.

In faci ya same ka a hanya, ka samu waje mai tauri, ka ja hambirki, ka sa giya, ka tokare wata tayar da dutse, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya. Kuskuren sabon shiga shi ne ya fara ɗaga jak, sai taya ta yi ta juyawa noti ya ƙi kwantuwa. A'a, tana ƙasa za ka sassauta notin, sannan jak a wurin da aka yi masa a ƙarƙashin gefen mota. Wajen ɗaurewa kar ka bi su a jere, ka ɗaura wannan ka tsallaka na gabansa, in ka sauke motar ka ƙara matsewa. Kuma ko da wasa kar ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Birki da giya da wayarin ba na sabon hannu ba ne. Naka shi ne ka leƙa robar man birki, in yana raguwa ko ka taka ka ji ya yi laushi yana tafiya ƙasa, motar ba ta fita sai gareji. In an je kuma ka tsaya a wajen, ka tambayi oga sunan abin da ya cire, ka ce a ba ka tsohon ka gani.

Aikin gida: kowa ya samu mota, tasa ko ta maƙwabci, ya kwafo lambobi huɗun nan na tayoyin duka har da safaya, ya rubuta shekarar kowace a gabanta, ya kuma rubuto lambar da ke jikin murfin mai in akwai. Wanda ba shi da mota kusa ya duba ta Keke Napep ko babur, su ma tayoyinsu da lamba. Ranar Asabar kowa ya taho da tsummansa, da motata za mu gwada.