Yadda Ake Samun Izinin Gini a Karkarar Sakkwato

Kafin ka sauke tifar yashi ko ka buga bulo ɗaya, gano wa ke da iko da filinka, domin daga nan komai yake farawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta raba abin gida biyu. Filin da ke yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni yana hannun gwamnatin jiha. Wanda ke karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin mallakarsa na gargajiya. A cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar nan, inda aka fi ruɗewa shi ne gefen birni, irin su sassan Wamakko da Kware da Dange-Shuni. Za ka ga gonar gero da rumbu, ka ɗauka ƙauye ne, alhali a takarda wurin ya shiga tsarin birni, kuma Hukumar Tsara Birane ta Jiha ce za ta ba da izini. Je sashen filaye na sakatariyar ƙaramar hukumarka ka tambaya, ka ji daga bakin jami'i, ba daga bakin dillali ba.

Sai batun mallaka. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da hakimi tana da daraja, amma shaida ce kawai ta cewa an saya an sayar, ba izinin gini ba ce. Ta ƙunshi sunan mai sayarwa da mai saye, tsawo da faɗi, maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, da shaidun kowane ɓangare. In filin gado ne, kar ka biya sai ka ga takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko duk magada sun sa hannu, har da mata. Sau da yawa rigimar da ke tsayar da gini daga nan take tasowa: ɗan'uwa ɗaya ya sayar, bayan an kai linta wani ya dawo daga ci-rani ya ce ba da saninsa ba. Da wannan takarda za ka nemi ƙaramar hukuma ta amince da cinikin ta ba ka shaidar mallaka. Mai niyyar karɓar bashin banki ko gina wurin kasuwanci gara ya wuce Ma'aikatar Filaye ya nemi satifiket na gwamna, wanda ake kira C of O.

Ka ɗauko safiyo mai rajista ya auna ya kafa turakun siminti masu lamba a kusurwoyi. Fulotin da aka saba shi ne ƙafa 50 a 100, wato kusan mita 15 a 30, amma awon taku da igiya yakan ci ƙafa biyu ko uku na maƙwabci. A ranar awon ka tsaya da kanka ka dubi sama da ƙasa. Ana barin mita 5.5 kowane gefe na wayar lantarki mai 11kV ko 33kV (kV ma'aunin ƙarfin wutar da ke bin wayar ne), mita 15 a mai 132kV, mita 25 a mai 330kV. A bakin titin gwamnatin tarayya, kamar na Sakkwato zuwa Illela, mita 45.72 daga tsakiyar kwalta haƙƙin hanya ne. Burtali ma ba a gini a kansa, ko da shanu sun shekara ba su bi ba. Fadama kuma arharta ce ke yaudarar mutane a rani. Wanda ya ga ambaliyar kogin Rima ta 2010 a yankin Goronyo ya san inda ruwa yake kaiwa. Tambayi dattawan wurin, ka dubi alamar ruwa a jikin tsofaffin katangu.

Zanen gini ya fito daga mai zane mai rajista da hatiminsa. A ciki a nuna yadda gidan ya zauna a fili, ɗakuna, tagogi, rufi, da wurin masai da rijiya. A bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, kuma masai ya kasance ta gangare. In fulotin ya yi kaɗan, a duba masai da rijiyar maƙwabci ma kafin a haƙa. Bene yana buƙatar ƙarin zanen injiniya mai nuna kaurin rodi da zurfin tushe. Kar a kwafo zanen wani gida, domin ƙasar yashi da ta laka ba tushe ɗaya suke ɗauka ba.

Haɗa shaidar mallaka, taswirar safiyo, kwafin zane, hotuna, katin shaida, da takardar biyan haraji in an nema, ka cike fom a ofishin da zai ba da izinin. Kuɗin ya danganta da girman ginin da abin da za a yi da shi. Biya a asusun gwamnati ka riƙe rasit, kar ka damƙa wa mai cewa "kawo in ƙarasa maka". Jami'ai za su zo duba fili, sannan a buga hatimi a kan zanen. Gidan mai, makaranta da asibiti suna da ƙarin sharuɗɗa daga hukumomin da ke kula da su.

Bayan an amince, ajiye kwafi ɗaya a leda a wurin aiki, ka duba wa'adin da aka rubuta a kai. Ka ja kunnen magini ya bi zane. Shagon da aka ƙara a gaban gida, ko dakalin da ya shiga layi, shi ke jawo jan fenti a bango da umarnin dakatar da aiki. In hakan ta faru, a tsayar da aiki nan take, a je ofis da zanen da rasit, a nemi gyara a rubuce.